Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Daga wata ɗaliba ta babban aji, ɓangaren mata

Ina farawa da sunan Allah, wanda Yake saukar da ruwa Ya fitar mana da abinci daga cikin baƙar laka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, ranar da Malam ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a littafin ƙarshen shekara, 'yan ajinmu suka ɗauki manyan batutuwa, wannan falalar ilimi, waccan biyayya ga iyaye. Da aka zo kaina na ce ni a kan kuɓewa zan yi rubutu. Aji ya ɗauka da dariya, har wata ƙawata ta ce ko dai yunwa nake ji. Malam ya ce a ƙyale ni, amma da sharaɗin in kawo hujja. To ga hujjata, wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Ra'ayina shi ne, kowane gida a garinmu, har da makarantarmu, ya kamata ya riƙe lambun bazara, ko da fangali biyu ne a bayan ɗaki. Abin da aka tsinka kuma a kasa shi kashi huɗu: na tukunya, na shanya, na maƙwabci, da na iri. Wanda ya tsinka ya cinye duka ɗanye, a ganina bai gama girbi ba.

Abin da idonmu ya gani a 2024

Na san ba wanda ya manta, amma littafin nan zai daɗe a akwati, kuma ƙannenmu da ba su yi wayo ba a lokacin za su karanta shi wata rana. Yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disambar shekarar ya iso Wad Madani, mutane suka kwararo kudu zuwa Sinnar. A ƙarshen Yunin 2024 ya kai Jabal Moya da Sinja. Hanyar yamma mai zuwa Rabak da Kosti ta rufe, ta kudu ta rufe, ta arewa dama a rufe take. Muka zauna a tsakiya, ga kharif ya sauka, kun kuwa san lakarmu in ta sha ruwa, ko jaki sai ya yi da gaske. Sai a Oktoba aka samu hanyar Jabal Moya, Sinja kuma a Nuwamba.

A waɗannan watanni kaya suka yi ƙaranci a suk, ɗan abin da ya rage kuma ya fi ƙarfin talaka. Mai kuɗi a waya ma, in shabaka ta ɗauke, kuɗinsa na nan amma ba zai sayi albasa ɗaya ba. Mu a gidanmu dangi gida uku suka sauka, wasu daga Sinja da kayan jikinsu kawai. Dawa muna da 'yar kaɗan, alhamdulillahi. Amma duk macen da ta taɓa tsayawa gaban murhu ta san tuwo ko kisra ba sa wucewa sai da miya, kuma yaro ba ya yin ƙwari da gaya tsura.

Miyar da muka ci a watannin nan daga ɗakin Kaka ta fito. Tun a Afrilu da Mayu, lokacin da ba wanda ya san abin da ke tafe, kullum da asuba sai ta tashe mu tsinkar kuɓewa a ɗan lambunta na bayan gida. Mu dawo mu zauna yanka, hannu na ƙaiƙayi, yauƙi har gwiwar hannu. Wata rana na gaji na ce mata, "Kaka, wai don Allah wa zai ci wannan kuɓewa duka?" Ta ce, "Ke kishiya, yanka ki bar surutu. Mai ci yana hanya, ke dai ba ki san shi ba." A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne. Da baƙi suka cika gida, sai ga ta tana fito da gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, weka, busasshen lalo, kauɗar tumatir ta tun lokacin sanyi, barkono. Har takiyyar masallaci da ake dafa wa masu gudun hijira abinci, sau da yawa daga gwangwanayen tsofaffi irin Kaka aka kaɗa miyarta.

Abu na biyu da na gani ya fi wannan tsaya mini a rai. Ruwa ya zauna, kowa yana son ya shuka wani abu a tsakar gidansa, amma mai sayar da iri a takarda ba shi da kaya. Sai mata suka riƙa zuwa wajen Kaka da 'yar leda ko bakin gyale, tana ƙirga musu 'ya'yan kuɓewa a tafin hannu. Kafin wata biyu gidajen nan sun fara tsinkar ɗanya. Wannan ne ya sa na ɗauki karin maganar nan na sa a saman rubutuna. Goran da muka sha ruwa da shi a kharif, tun bazara aka fafe shi.

Tsinka ma ilimi ce

Mutane da yawa suna ganin wahalar lambu a shuka da ban ruwa take, tsinka kuwa kowa ya iya. Ni na ga wanda ya sha wahalar wata biyu ya ɓata abinsa a sati guda, don bai san lokacin tsinka ba.

Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen kwana hamsin zuwa sittin da shuka. In fure ya faɗi, cikin kwana huɗu zuwa shida ɗan ya kai tsinka. Tsawon yatsa ya isa. Ka ɗan lanƙwasa bakinta, in ya karye ɓas to ta yi, in ya lanƙwashe bai karye ba ta tsufa ta zama icce. Dole a zaga ta duk kwana biyu, domin in ka bar 'ya'ya suka ƙosa a jikinta, uwar za ta zuba ƙarfinta wajen raya iri ta rage yin fure. Wato yawan tsinka shi ke kawo yawan 'ya'ya. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi, a tsinka da sanyin safiya kafin rana ta sa ta yaushi. A kuma duba ƙarƙashin ganye kafin a sa hannu, don kunama ma tana son wuri mai laima.

Lalo, wanda a suk ake cewa mulukiya, ba a tumɓuke shi. Ana yanka shi a bar kamar taƙi guda daga ƙasa, a ba shi ruwa, sai ya sake tofo. Haka rijla, haka yakuwa. Ajjur a cire shi yana ɗanye shar, in ya fara rawaya 'ya'yan cikinsa sun yi tauri. Aswad kuwa a duba fatarsa, muddin tana sheƙi to lokacinsa ne, in ta dushe ya fara ɗaci. Kankana tana da alama uku: 'yar igiyar da ke kusa da ita ta bushe, gefen da ke ƙasa ya koma rawaya, in ka ƙwanƙwasa kuma ka ji sauti mai nauyi. Albasar da aka shuka da sanyi, sai wuyanta ya kwanta a daina ba ta ruwa, a cire a bar ta ta sha iska a inuwa, in ba haka ba ruɓewa za ta yi a buhu.

Sai mangwaro, kuma nan da ku nake, 'yan'uwana maza. Mangwaron da aka jefo da dutse ya faɗo ya fashe, yau kaɗai zai yi amfani, gobe ya ruɓe. A sa gora mai ƙugiya da 'yar jaka a bakinta, a cire shi da ɗan guntun hancinsa, a kife shi ƙaron ya tsane a ƙasa, domin ƙaron nan yana ƙona fatar mangwaro, yana ƙona ta mutum. Wannan in bishiyar gidanku ce ke nan. In ta jinenar wani ce, babin da ya shafe ta ba na lambu ba ne, Malam ya riga ya karantar da mu shi.

Kashi huɗu

Na tukunya ba ya bukatar dogon bayani. Abin da aka tsinka da safe aka kaɗa da rana, ɗanɗanonsa daban yake da wanda ya kwana biyu a kan karo. Abu biyu kawai zan tunatar. In an fesa magani, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin a tsinka, wanda bai iya karantawa ba ya kawo wa ɗalibi ya karanta masa, ai don irin haka aka sa mu makaranta. Sannan duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta, ba ruwan tur'a ba. Kwalarar da ta shiga ƙasar nan a 2024 ta isa ta zame mana wa'azi.

Na shanya shi ne rumbun mace. Kuɓewa a yanka ta sirara a baza a tabarma mai tsabta a kan rakuba, inda akuya da kaji ba sa kaiwa. Da zafin bazararmu kwana kaɗan ta bushe ƙayau. Ganye kuwa, lalo da zogale da yakuwa, a inuwa ake shanya su inda iska ke ratsawa, don rana tana cinye korensu. Alamar bushewa ita ce ka murza ka ji ya ruguje. In da sauran laima a ciki aka rufe, fumfuna za ta kama shi da zarar kharif ya shigo. Kaka ba ta dake weka duka lokaci guda, tana barinta a yanke ta riƙa daka ta sati, ta ce dakakkiya ta fi saurin salancewa. A nan Allah Ya yi mana wata rahama da ba mu cika lura da ita ba. Ranar da muke kuka da ita a Afrilu da Mayu, ita ce mai busar mana da abinci kyauta, ba wuta ba gawayi. A Suratu Yusuf mun karanta yadda Annabi Yusuf, alaihissalam, ya ba mutanen Masar shawarar su adana amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun tsanani. Gwangwanin weka ƙaramin abu ne, amma darasin ɗaya ne.

Na maƙwabci shi ne wanda na fi so mu ɗalibai mu tsaya a kansa. A Risala, babin zakka, mun koyi cewa a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan ganyaye da 'ya'yan itatuwa irin su kankana da mangwaro. Zakkar noma tana kan hatsi da dabino da zabibi da abin da ake matse mai daga gare shi kamar riɗi, in ya kai wusuƙi biyar. Ana fitar da ushiri in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da wahala aka shayar. Imamu Abu Hanifa shi yana ganin ana fitarwa daga amfanin ƙasa har da ganye. Wani zai ji hukuncin mazhabarmu ya ce shi ke nan, lambuna nawa ne ni kaɗai. To ya buɗe Suratul An'am aya ta 141, inda Allah Ya ambaci gonaki da 'ya'yan itatuwa Ya yi umarni da a ba da hakkinsu ranar girbi. Ya kuma buɗe Suratul Ƙalam ya karanta labarin masu lambun nan da suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe a ɓoye don kada miskini ya shigo musu, suka wayi gari lambun ya ƙone ƙurmus. Rashin wajabcin zakka bai ɗauke hakkin maƙwabtaka ba. Yaron maƙwabcinka yana ganin mangwaronka ta saman katanga, tsohuwar da ke bayan gidanku tana jin ƙamshin miyarku. Kwano ɗaya na kuɓewa ba zai rage ka da komai ba, musamman ga shukar da gobe za ta sake haihuwa.

Na iri shi ne ƙarami a ido, kuma shi aka fi sakaci da shi. Kuskuren da muke yi, sai ƙarshen lokaci, in shuka ta tsufa ta gaji, sannan mu tattara ragowar da ta tsere wa tsinka mu ce iri ne. Kaka tun farko take zaɓen uwa biyu ko uku, waɗanda suka fi lafiya da saurin haihuwa, ta ɗaura musu jan ƙyalle, ta ce wanda ya taɓa su zai gamu da ita. A nan 'ya'yan za su ƙosa su bushe har su fara tsagewa, sannan ta cire ta ɓare, ta ƙara shanyawa a inuwa, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a kwalba ta toshe. A lura, irin takarda da ake kira hajin, wato mai aure, yana ba da amfani mai kyau a shukar farko, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa ba lalle su fito kamar uwarsu ba. Ban ce a daina sayensa ba. Na ce kada a yar da irin gida saboda shi, domin irin gida ya saba da lakarmu da zafinmu, kuma ba ya jiran mota ta zo daga Madani.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na farko za su ce ruwa. Wannan magana ce mai nauyi kuma gaskiya ce. A bazara zafi yana haura digiri 40, ƙasa ta dare har ƙafar yaro ta shige, wasu gidaje ruwan sha ma sai sun saya a wajen mai karo. Gidan da ke cikin wannan hali ba na ɗora masa laifi. Amma mu duba ruwan da muke zubarwa. Ruwan wanke dawa da shinkafa, ruwan ɗauraye ganye, ruwan alwala, duk yana tafiya a banza a tsakar gida. In aka tara shi a bokiti aka zuba da yamma, lokacin da rana ba za ta shanye shi ba, aka rufe gindin shukar da busasshiyar ciyawa, fangali biyu za su rayu. Tsohon tulu in aka binne shi har wuya a tsakiyar fangali aka cika shi aka rufe bakinsa, a hankali zai riƙa tsattsafo wa saiwa ruwa. Ruwan sabulu kuwa a kai shi gindin bishiya, kada ya taɓa ganyen da za a ci. Sannan a shuka abin da ke jure zafi, kuɓewa, lalo, rijla, ajjur, wake. Tumatir na lokacin sanyi ne, a bazara furensa zubewa yake. Wanda ba zai iya ko fangali ɗaya ba, ya dasa zogale guda kusa da wurin alwala. Ganyensa miya ne, 'ya'yansa kuma in an daka suna kwantar da lakar ruwan bahar, shi ya sa Larabawan ƙasar nan ke kiransa bishiyar rawwag.

Na biyu za su ce suk ya fi arha. Lokacin lafiya da yalwa haka ne. Mu da muke Sinnar, ƙasar ayaba da mangwaro, wani lokaci tumatir yana arha da sanyi har mai shi ya rasa yadda zai yi da shi. To ai nan ma maganata ta tsaya, a saya da arhar a yanka a shanya. Amma arhar suk tana rataye ne da hanya da man fetur da zaman lafiya, kuma mun ga su ukun sun yanke a rana ɗaya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku za su ce ai muna da jaruf, me za a yi da fangali a bayan ɗaki? Iyayenmu sun rayu da jaruf, bahar ya cika a kharif ya janye, ya bar laka mai taushi a gaɓa, a shuka ba taki. Sai dai bahar ɗin yanzu mutane ne ke riƙe da linzaminsa. Khazzan na Sinnar an gama shi a 1925, na Rusairis a 1966, aka ƙara masa tsawo a 2013. Yanzu ga babbar madatsar Habasha, wadda aka fara tara mata ruwa a 2020 aka buɗe ta a Satumbar 2025. Madatsa irin wannan tana tare laka a bayanta, tana kuma sakin ruwa a hankali duk shekara. Ke nan cikar kharif za ta ragu, janyewar rani ma ta ragu, gaɓar da ake shukawa ta ƙanƙance, lakar da ke sabunta ta kuma ta yi ƙaranci. Masu babur za su ji daɗin samun ruwa duk shekara, amma mai jaruf da ba shi da babur lissafinsa ya canza. Kuma ba kowane gida ke da jaruf ba, balle baƙin da suka zauna tare da mu.

Na huɗu za su ce ɗalibi karatu aka aiko shi. Fangali biyu ba sa cin fiye da rabin awa, bayan asuba ko kafin magariba. Ni haddata ta Juz'u Tabaraka, rabinta a tsakanin kuɓewar Kaka na maimaita ta. In za mu faɗi gaskiya, ba lokaci ne ke hana yawancinmu ba, kunya ce. An daɗe ana yi mana gori a ƙasar nan cewa mu mutanen fartanya ne, masu tsinkar audugar wasu, har wasu samarinmu sun gwammace a gan su zaune a bakin titi da waya da a gan su da laka a ƙafa. Ina roƙonsu su tuna su wane ne kakanninmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin wannan bahar wajen Shaikh Talha, daga baya aka kafa Mai Wurno. Wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su, suna tafe suna noma suna neman guzuri. Cikinsu akwai malamai da mahaddata, kuma ba wanda ya ba su abinci sai Allah sai hannunsu. Da aka buɗe noman Jazira a 1925, guminsu yana cikin wanda ya raya shi. Allo da fartanya tare suka iso nan, ban ga dalilin da zai sa mu jikoki mu ɗauki ɗaya mu ji kunyar ɗaya ba.

Roƙona ga makarantarmu

Ina roƙon malamanmu da kwamitin iyaye abu uku, kuma ba wanda ke bukatar kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, a gyara wurin alwala a yi masa 'yar magudana zuwa filin da ke bayan azuzuwa, a raba ta da ta bayan gida. Mu ƙaddara ɗalibi ɗari ne suka yi alwala, kowa da buta mai lita biyu. Lita 200 ke nan, barmil guda cur, a salla ɗaya. Ruwan nan ba najasa ba ne, yanzu kuwa ba abin da yake yi sai tara sauro da caɓi a ƙofar makaranta.

Na biyu, kowane aji a ba shi fangalinsa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a yi jadawalin ban ruwa da tsinka kamar yadda muke da na shara. Abin da aka samu a kasa shi huɗun nan a gaban yara, kason maƙwabci a kai wa marayu da tsofaffin unguwa, yara da kansu su kai, su koyi sallama da miƙa abu da hannu biyu.

Na uku, a ajiye akwatin iri a ofishin makaranta. Kowane ɗalibi ya je wajen kakarsa ko goggonsa ya roƙo cokali ɗaya na irin da take da shi, a zuba a kwalba a rubuta sunansa da gidan da ya fito da shekarar da aka ɗebe shi. Wanda ya ara cokali ɗaya ya shuka, ya mayar da biyu bayan girbi. A kuma gayyato tsofaffin nan su zo su nuna mana da hannunsu. Yawancinsu ba sa rubutu, abin da suka sani yana kansu, kuma kowace shekara muna raka wasu makwancinsu.

Kaka yanzu ƙafa ta hana ta zagaya lambu, daga kan tabarma take ba da umarni. Bana ni na ɗaura jan ƙyallen. Da na kawo mata kwalbar irin ta girgiza ta a kunnenta, ta buɗe ta shinshina, ta ce, "Tokar ta yi kaɗan, kishiya, ƙaro." Na ƙara.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah Ya sa albarka a karatunmu da abin da hannuwanmu suka shuka, Ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman afuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.